"Ku dubi nan": tarihin masu son shiga cikin alƙaluma

Mu huɗu ne muka taru a kan kwamfuta guda, a ɗakin wani abokinmu, bayan isha'i. Malaminmu na ilimin furuci ya ba mu aikin rukuni: kowa ya ɗauko muryoyin mutanen garinsu lokacin hutu, mu auna wasulansu, mu ga iya tazarar da ke tsakanin gajeren wasali da dogo, kamar "a" ɗin gari na mutane da "a" ɗin garin tuwo. Muka zuba muryoyin cikin Praat, manhajar nan ta kyauta da Paul Boersma da David Weenink suka ƙera a jami'ar Amsterdam, wadda duk ɗalibin ilimin harshe ya san ta, ko yana so ko ba ya so. Ɗigo-ɗigo suka cika allo, kowane ɗigo wasali guda ne daga bakin mutum guda. Can sai ɗayanmu ya ɗora yatsa kan allon ya ce: "Ku dubi nan." Kawuna uku suka sunkuya wuri guda. Ba wanda ya ce "ina?"

Bayan kamar mako biyu wani ɗan unguwarmu ya zo da wani akwatin kwali mai gilasai biyu, wanda ake zura salula ciki a kanga a ido. Na sa. Sai ga ni tsakiyar taurari, in na waiwaya in ga wasu a bayana. Ban san lokacin da na ɗaga hannu na ce "kai, ku dubi wancan!" ba. Suka fashe da dariya. Ashe bango nake nuna musu, daidai inda aka rataye wando.

Tun wajen 1968 akwai masu bincike, yawancinsu a Amurka da Turai, da ke neman hanyar da mutum zai shiga cikin bayanansa ya zagaya su kamar mai zagaya rumbu. Yaudarar ido ba ta daɗe tana ba su wuya ba. Abin da ya tsaya musu a wuya har yau shi ne yatsan abokin nan namu da kalmarsa guda, "nan". Tarihin da zan bi ke nan.

Abu biyu ne, kuma sai mun raɗa musu suna. A Faransanci ana ce musu réalité virtuelle da réalité augmentée. Na farkon zan kira shi duniyar ƙage: ka sa kwalkwali ya rufe maka ido, ɗakin da kake ciki ya ɓace, wani wuri ya maye gurbinsa. Na biyun zahiri mai ƙari: kana ganin ɗakinka da mutanen da ke ciki, amma an ɗora zane a kai. Wanda ke da sunayen da suka fi nawa ya kawo su ranar taro mu yi gardama. Ga masu son adabi, sunan farkon ya girmi kwamfuta: Antonin Artaud ya yi amfani da shi tun 1938, yana maganar wasan kwaikwayo.

Mi ya sa ma mutum ke son ganin alƙaluma da ido? Jadawali mai layi ɗari uku sai ka bi shi layi-layi, kafin ka kai ƙasa ka manta sama. Zane kuwa kallo guda ne. William Playfair ya buga zanen sanduna da na layi a 1786 don nuna cinikin ƙasarsu da ƙasashen waje. Bayan annobar kwalara ta 1854 a Landan, likita John Snow ya ɗiga mamata a kan taswirar unguwa, sai ga su sun taru kewaye da famfo guda. Mu ma masu ilimin harshe muna da namu kakannin. A shekarun 1940 ɗakunan binciken Bell na Amurka suka fitar da na'urar da ke mayar da murya hoto. A 1952 Gordon Peterson da Harold Barney suka ɗauki muryar mutum 76, maza da mata da yara, suna furta wasula 10 na Ingilishin Amurka, suka ɗiga su bisa ma'auni biyu da muke kira F1 da F2. Na farko yana bin buɗewar baki, na biyu yana bin inda harshe yake, gaba ko baya. Zanen da muka yi a ɗakin abokinmu jikan nasu ne.

Sai dai takarda ma'auni biyu kawai gare ta, tsaye da kwance. Wasalin Bahaushe kuwa yana da F1, yana da F2, yana da tsawo, yana da karin sama ko na ƙasa, ga mai maganar namiji ne ko mace, ɗan Maraɗi ne ko ɗan Tawa. Ina za ka zuba sauran? Masanin ƙididdiga John Tukey ya fuskanci irin wannan tambaya a farkon shekarun 1970, a cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Stanford. Shi da Jerome Friedman da Mary Anne Fisherkeller suka haɗa wata na'ura mai suna PRIM-9, wadda ke karɓar bayanai masu ma'auni har 9. Allonta shimfiɗaɗɗe ne kamar kowane allo. Dabarar ita ce juyi: ka danna maɓalli, garken ɗigon ya fara juyawa a hankali, sai idonka da kansa ya ga wanne ke gaba wanne ke baya, ya ga inda garken ya rabu biyu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: motsi ne ya ba da zurfin.

Ɗaya hanyar ta ba da zurfi ta fi wannan tsufa. Tun 1838 Charles Wheatstone na Ingila ya nuna cewa in ka ba kowane ido nasa hoton, masu ɗan bambanci kaɗan, ƙwaƙwalwa za ta haɗa su ta ga abu mai kauri. Ivan Sutherland ne ya aura wannan da kwamfuta. A 1965 ya rubuta wata gajeriyar maƙala yana mafarkin ɗakin da kwamfuta za ta zana kujera har a iya zama a kanta. A 1968, a jami'ar Harvard, shi da ɗalibinsa Bob Sproull suka ƙera kwalkwali mai ƙananan allon talabijin biyu, ɗaya ga kowane ido. Don na'urar ta san inda kanka ya juya, an haɗa kwalkwalin da wani dogon hannun ƙarfe da ya sauko daga rufin ɗaki. Shi ya sa aka yi ma abin laƙabi da takobin Damokles, daga labarin Girkawa na bafaden da aka zaunar a gadon sarauta, takobi na rataye bisa kansa da gashin doki guda. Abin da ake gani ciki bai taka kara ya karya ba: akwati na layuka zalla, yana tsaye cikin iska. Amma in ka matsa gefe sai ka ga gefensa. Kuma gilasan ba su rufe ɗakin ba, ana hango shi ta ciki, don haka wannan kakan duniyar ƙage shi ne kuma kakan zahiri mai ƙari.

Yanzu bari in tsaya kan wani gwaji da littattafan tarihin abin nan kan wuce da sauri, ni kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. A 1980 Richard Bolt na jami'ar MIT ya nuna wani ɗaki inda mutum ke zaune kan kujera gaban allo mai faɗin bango, an ɗaura masa ɗan abin auna motsi a hannu, ga makirfo a baki. Taswirar tekun Karibiyan ce a allon. Sai ya nuna wani abu da hannu ya ce da Ingilishi "sa wancan", ya matsa hannun ya ce "can". Na'urar ta ɗauke abin ta ajiye inda ya nuna. Ba suna, ba lamba. Abin da Bolt ya koya ma kwamfuta shi ne abin da muke kira kalmomin nuni, waɗanda ba su da ma'ana sai an san wa ke magana, a ina yake, ina yake kallo. Karl Bühler ya yi bayaninsu tun 1934: kowace irin wannan kalma tana auna nisa daga cibiya guda, wato ni, nan, yanzu.

Hausa ta ƙware a wannan fage fiye da yadda rubutunmu ke nunawa. A takarda muna da "nan" da "can" kawai. A baki huɗu ne, karin sauti ke raba su, kamar yadda Philip Jaggar da Malami Buba suka feɗe a wani nazari na 1994. Akwai "nan" mai faɗuwar kari, wato kusa da ni. Akwai "nan" mai karin sama, wato wajenka, kai da nake ma magana. Akwai "can" mai faɗuwa, nesa da mu duka amma muna hangensa. Akwai "can" mai karin sama, wanda ya yi nisa ƙwarai. Ku gwada da bakinku: "zo nan" da "tsaya nan inda kake". Ba iri ɗaya kuka furta su ba. To ku lura da na biyun. Kafin in zaɓe shi dole in san inda kake tsaye. Yaro ɗan shekara biyar yana wannan lissafi bai ma san yana yi ba, saboda yana ganinka. Ranar da na sa kwalin nan a ido, lissafin ne ya rushe: cibiyata ta koma cikin taurari, tasu tana ɗaki.

Shekarun 1980 na kwalkwalin mutum guda ne. Jaron Lanier da kamfaninsa VPL suka yaɗa sunan duniyar ƙage a Ingilishi, suka riƙa sayar da kwalkwali da safar hannu mai jin motsin yatsu, wadda Thomas Zimmerman ya ƙirƙira. Aikin nazarin bayanai na gaske ya fito a cibiyar Ames ta hukumar NASA. A 1991 Steve Bryson da Creon Levit suka nuna abin da suka kira ramin iska na ƙage. Injiniyoyin jirgin sama sun saba sa ƙaramin samfurin jirgi cikin wani rami su hura masa iska da hayaƙi, su ga yadda iskar ke bin fukafuki. Su Bryson suka ce, tunda kwamfuta ta riga ta lissafa tafiyar iskar, a bar injiniya ya shiga cikin lissafin. Zai leƙa ta wani akwati da ke kan hannun ƙarfe, ya sa safa, duk inda ya kai hannu sai zaren hayaƙi na ƙage ya fito daga wurin ya bi iska. Tambaya da hannu ke nan, amsa kuma nan take. Amma akwatin ido biyu kawai yake ɗauka. In injiniyan ya ga wani abin mamaki ƙarƙashin fiffike, sai ya ɗago kai ya ba abokan aikinsa labari kamar mai faɗin mafarkin da ya yi jiya, ko ya matsa musu su leƙa bi da bi, da fatan za su faɗa inda ya faɗa.

A daidai lokacin, a kamfanin Boeing, Tom Caudell da David Mizell suna neman sauƙaƙa ma ma'aikatan da ke ɗaure dubban wayoyin lantarki na jirgi. Suka yi tunanin tabarau da zai zana ma ma'aikaci hanyar kowace waya a kan allon katakon da ke gabansa. Daga wurinsu sunan zahiri mai ƙari ya fito, a farkon shekarun 1990.

Amsa ta farko mai ƙarfi ga matsalar kaɗaici ta zo daga Shikago a 1992. A ɗakin binciken zane na jami'ar Illinois, wata ɗaliba mai neman digirin dakta, Carolina Cruz-Neira, tare da malamanta Tom DeFanti da Dan Sandin, suka ce maimakon a ɗaura ma mutum allo a fuska, a gina ɗakin da bangonsa ne allon. Ɗaki ne mai kimanin mita 3 ta kowane gefe. Ana haska hoto a bango uku da daɓe, masu shiga su sa tabarau marar nauyi da ke rufe ido ɗaya ya buɗe ɗaya da saurin da ba a gani. Suka sa masa suna CAVE, wato kogo, suna tsokanar Platon, wanda malaman zaure ke kira Aflatun. Duk wanda ya yi tarminal ya sha labarin kogon nan a darasin filo, na fursunonin da ke kallon inuwa a bango suna zaton ita ce duniya. A wannan kogon mutum biyar ko shida za su tsaya tare. Kana ganin jikinka, kana ganin fuskar abokinka, kana jin lokacin da ya yi tsaki. Jami'o'i suka gina irinsa, kamfanonin mota suka gina, kamfanonin man fetur ma suka gina don masanin duwatsu da injiniyan haƙa su tsaya tare cikin hoton ƙarƙashin ƙasa kafin a kashe kuɗin rijiya. Kogo guda da kwamfutocinsa na iya cin dalar Amurka miliyan guda, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Amma akwai wani aibu a cikinsa da sai ka yi tunani kafin ka gane. Hoton da ke bango an lissafa shi ne don kai guda. Tabarau ɗaya ne ke da abin auna motsi, kuma kwamfuta tana zana duniya yadda ta dace da idon mai shi. Sauran suna ganin duniyar wani: layukan da ya kamata su miƙe sun karye a kusurwar bango, in jagoran ya sunkuya sai komai ya zame musu ba su motsa ba, har wani ya ji jiri. Mafi muni, in jagoran ya miƙa yatsa ya taɓa wani ɗigo da ke shawagi gabansa ya ce "wannan", wanda ke tsaye taku biyu a gefensa zai ga yatsan yana taɓa wani ɗigo dabam, ko iska. Kalma guda, abu biyu. Maganin da mutane suka samo shi ne su cunkushe bayan kafaɗar jagoran, ko su riƙa musayar tabarau. Ku kuma yi tunani da kanku: in furofesa da ɗalibinsa suka shiga kogon tare, wa zai sa tabarau mai auna motsi? A ganina wannan aibu ya wuce na injiniya. Nazarin haɗin gwiwa yana da amfani ne saboda ƙarami na iya ganin abin da babba bai gani ba. Ɗakin da ke nuna gaskiya ga mutum guda, sauran su ga karkatacciya, ya riga ya yanke wa zai yi gaskiya.

An yi ƙoƙarin gyara. A Stanford, a 1997, Maneesh Agrawala da abokan aikinsa suka haɗa tebur mai haska hoto huɗu bi da bi, biyu ga kowane mutum, don mutum biyu su samu kowa nasa hangen. Ya yi aiki, sai dai duk mutumin da aka ƙara, hasken da ke isa idon kowa raguwa yake.

Hanyar da ta fi burge ni daga Biyana ta fito, babban birnin Ostiriya. A 1996 wani rukuni a jami'ar fasaha ta birnin, cikinsu akwai Dieter Schmalstieg da Michael Gervautz, suka fara wani aiki da suka kira Studierstube, wato ɗakin nazari, sunan ɗakin da Faust ke zama a wasan Goethe. Kowa zai sa nasa tabarau da ake gani ta cikinsa. Siffar lissafin da ake nazari tana shawagi a tsakiyar ɗaki, ku kuna kewaye da ita kamar masu cin tuwo a akushi guda. Kowa kwamfuta na zana masa daga inda yake tsaye: ni ina ganin gabanta, ke kina ganin bayanta, amma wuri guda take a ɗakin. Don haka in na kai yatsa na ce "nan", yatsana na gaske ne, kina ganinsa, kuma yana kan abin da nake nufi. Ba a koya ma na'ura nuni ba, an dai bar shi yadda Allah ya yi shi. Sun kuma ba kowa ɗan allo da alƙalami a hannu, irin allon makarantar allo, inda maɓallai ke bayyana. Har ana iya nuna ma mutum guda wasu bayanai da sauran ba su gani, ta yadda zai yi nasa tunanin shi kaɗai ba tare da ya bar taron ba. Raunin abin shi ne daidaito. In hotona ya goce da santimita biyu hagu, naki ya goce dama, mun koma gidan jiya. Tabarau na lokacin kuma tagarsu ƙarama ce, kamar mai leƙe ta ƙofar rumbu.

A 1999 Hirokazu Kato, ɗan Japan, ya fitar da ARToolKit, manhajar da ke sa kyamara ta gane baƙin murabba'i da aka buga a takarda, ta lissafa yadda takardar ke kwance, ta ɗora zane a kai. Daga baya aka sake ta kyauta. Takarda da baƙin tawada kawai take buƙata, ke nan ko wannan ɗan littafi namu na fotokopi zai iya ɗaukar alamar, in dai injin bai cinye baƙin ba kamar yadda ya saba.

To duk wannan wahala, tana sa a fahimci bayanai da gaske? Amsar masu bincike ba ta yi ma masu talla daɗi ba. Tun 1984 William Cleveland da Robert McGill suka auna yadda ido ke karanta zane, suka samu cewa ya fi ƙwarewa wajen gwada matsayi a kan ma'auni guda shimfiɗaɗɗe, yana kuma yawan kuskure in aka ce ya gwada faɗi ko girman abu. Ka ɗauki zanen sanduna ka ba shi zurfi, ka ɓata shi: na gaba ya kare na baya, na nesa ya ƙanƙance, rubutu ya yi wuyar karatu. Shi ya sa Tamara Munzner, a littafinta na koyar da zanen bayanai na 2014, ta kafa ƙa'idar kada a ƙara zurfi sai da hujja. Hujjar tana samuwa in bayanan da kansu masu jiki ne, kamar iska kewaye da fiffike ko jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ko kuwa in sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo. A 1996, a Kanada, Colin Ware da Glenn Franck suka ba mutane zanen ɗigo masu haɗe da zare, suna tambayarsu ko akwai hanya daga wannan zuwa wancan. Da aka haɗa musu hoton ido biyu da bin motsin kai, sun iya karanta saƙar da ta ninka ta shimfiɗe wajen sau 3. Da aka raba dabarun biyu, motsi ya fi hoton ido biyu amfani. Juyin nan na Tukey ke nan ya sake dawowa. Kuma a allon tebur aka yi gwajin, ba a cikin kwalkwali ba.

Daga ƙarshen shekarun 1990 abin ya yi sanyi. Alkawari ya yi yawa, kaya sun yi tsada, masu sawa suna fitowa da tashin zuciya. Salula ce ta tayar da shi, don ita ta sa ƙananan allo masu kyau da na'urorin jin motsi suka yi arha. A 2012 wani matashi, Palmer Luckey, ya nemi gudummawar jama'a ta intanet don kwalkwalinsa Oculus Rift, ya tara wajen dalar Amurka miliyan 2.4. A 2014 Facebook ya saye kamfanin kan kusan dala biliyan 2. A shekarar ce kuma Google ya fitar da Cardboard, kakan kwalin da ya sa aka yi mini dariya.

Masu nazarin bayanai suka dawo fagen. A 2015 wani rukuni a jami'ar Monash ta Ostareliya, wadda ba Ostiriya ba, suka raɗa ma fannin suna da za a iya fassarawa nazari na nutso. Aka yi taro kansa a Dagstuhl ta Jamus a 2016, littafi ya fito a 2018 ƙarƙashin jagorancin Kim Marriott. Daga cikin abin da suka ƙera akwai ImAxes, na Maxime Cordeil da abokansa, a 2017. A cikinsa kowane ma'auni sanda ne da za ka ɗauka da hannu. Ka haɗa sanda biyu su yi kusurwa, zanen ɗigo ya bayyana tsakaninsu. Ka ƙara ta uku, ya yi zurfi. Ka jera su kusa da juna, zaruruwa su haɗa su. Wanda ka gama da shi ka yar. Wallahi ranar da na fahimci yadda yake aiki, wasulanmu na tuna: F1 a hannun hagu, F2 a dama, in jawo tsawon wasali in soka a tsakiya in ga ko "gari" da "gari" za su rabu gida biyu.

Su Cordeil ɗin sun kuma yi gwajin da ya dace da tambayarmu. A lokacin Monash tana da sabon kogo, CAVE2, irin wanda aka fara ginawa a Shikago a 2012, mai allo da yawa jere a da'ira. Suka sa mutane bibbiyu su nemi gajeriyar hanya ko su ƙirga alwatika cikin saƙar ɗigo, wasu a kogon, wasu kowa da kwalkwalinsa. Masu kwalkwali sun fi sauri, kuma ba a ga sun fi yin kuskure ba. Kayan da ɗalibi zai iya sa wa a jaka sun kamo ɗakin miliyoyi. Dalili guda a fili yake: a kwalkwali kowa jagoran kansa ne, ba mai kallon duniyar wani.

Amma kwalkwali ya rufe fuska, don haka duk abin da Biyana ta samu kyauta sai an sake gina shi da hannu. Manhajojin yau suna zana maka kan abokinka a matsayin gunki mai shawagi, su zana hannuwansa, su fitar da zaren haske daga yatsansa zuwa abin da yake nunawa, wasu har su zana mazurari daga idonsa don ka san iya abin da yake gani. Duk wannan aiki don a maido "nan" na biyu ne, nan ɗin wajenka. Ɓangaren zahiri mai ƙari kuwa tafiyarsa ba ta miƙe ba. Microsoft ya fitar da HoloLens a 2016 kan dalar Amurka 3,000, ya daina ƙera na biyunsa a 2024. A 2024 ɗin Apple ya fitar da Vision Pro kan dala 3,499, wajen sefa miliyan 2. Abin da ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi, shi ne sun sa masa wani allo ta waje, wanda ke nuna ma mutanen ɗaki hoton idon mai sanye da shi. An rufe ido da gilashi, an dawo an zana ido a kan gilashin.

Mu dai a daren nan ba mu da ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da abokinmu ya ɗora ma yatsa wani ɗigo ne da ya fita daga garke, ya haye can sama shi kaɗai, inda wasalin "a" ba ya zuwa. Ni har na fara murna, ina cewa wataƙila mun gano wani abu a karin harshen tsofaffin Adar da ba a taɓa rubutawa ba, na fara tsara yadda zan faɗa ma malam. Muka yi ta gardama wajen minti ashirin, allon ya cika da shaidar yatsu. Ƴar ajinmu ta Tawa, wadda ita ta ɗauko wannan muryar a tsakar gidan kakarta, tana zaune gefe tana cin gyaɗa. Ta miƙo kai ta bi yatsan da ido, ta dubi lambar ɗigon, ta dubi kayenta.

"Wanga? Ai zakara na."

Muka kunna wurin muka saurara. Tsohuwa ta buɗe baki za ta ce "gari", zakara ya riga ta.